Yadda doka ta kai gidan abincin Sinawa kowace unguwa a Amurka

A kusan kowace unguwar bayan gari a Amurka, cikin jerin shagunan bakin titi, ba a rasa ɗan gidan abincin Sinawa. Tebura ba su fi shida ba, hotunan abincin da ke saman kanta sun koɗe, uwar gida tana karɓar oda a waya, maigida kuma yana can ciki gaban babban kasko da wuta mai huci. Marubuciya Jennifer Lee ta bayyana a littafinta na 2008 cewa irin waɗannan gidaje sun kai 40,000, wato sun fi rassan McDonald's da Burger King da KFC idan aka haɗa su. An saba cewa daɗin abincin ne ya baza su haka. Tarihi kuwa yana nuna cewa dokar shige da fice da ƙyamar baƙo ne suka kafa sana'ar, daɗi daga baya ya biyo.

Sinawan farko sun iso Kalifoniya ne bayan gano zinariya a 1848, yawancinsu daga yankin Taishan na lardin Guangdong. Manoma ne maza, ba su gaji girki ba. Suka haƙi ma'adinai, suka shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869. Da aikin ya ƙare sai leburori Turawa suka taso musu, har a garin Rock Springs aka kashe Sinawa aƙalla 28 a 1885. Abin da aka bar musu shi ne wanki da girki, ayyukan da Turawa maza ke ganin na mata ne, don haka ba wanda zai yi musu hassada a kai. Dokar 1882 ta haramta wa leburori Sinawa shigowa ƙasar, amma ta bar ƙofa ga 'yan kasuwa da ɗalibai. A 1915 wata kotun tarayya ta sa masu gidajen abinci cikin sahun 'yan kasuwa, kuma masaniyar tarihi Heather Lee ta nuna yadda aka ci moriyar wannan. Sharaɗin shi ne mutum ya shugabanci babban gidan abinci shekara guda ba tare da ya taɓa aikin ƙarfi ba, sannan Turawa biyu su tsaya masa shaida. Sai dangi suka riƙa haɗa jari kamar masu adashi, wannan ya riƙe shugabanci ya samu takarda ya ɗauko ɗan'uwa daga gida, sannan ya sauka ya ba na gaba. Yawan gidajen ya ninka tsakanin 1910 da 1920, ya sake ninkawa zuwa 1930.

Mai musu zai ce ai doka ba ta cika tebur da masu ci, kuma tun ziyarar babban jami'in Sin Li Hongzhang zuwa New York a 1896 Amurkawa suka kamu da son abincin Sinawa mai suna chop suey. Gaskiya ne, amma son da suka yi ya bayyana abin da ke cikin faranti ne kawai, bai bayyana dalilin da ya sa Basine ne ke gaban murhu ba. Shi kansa abincin shaida ne cewa mai dafawa ba shi da zaɓi sai ya bi bakin mai saye: aka zare ƙashi daga nama, aka ƙara sukari, aka sa burokoli a madadin ganyen gida. Kazar Janar Tso, wadda mai girki Peng Chang-kuei ya ƙirƙira a Taiwan, sai da aka zaƙaƙa ta a New York kafin ta karɓu. Ɗan biskit mai takardar fatan alheri a ciki ma daga Japanawan Kalifoniya aka karɓe shi. Masu raina wannan abinci wai ba na asali ba ne sun manta cewa mai girkin ya fi su sani, domin idan an rufe shago, shinkafa da kifi da ganye yake dafa wa iyalinsa.

Musu na biyu ya fi ƙarfi: an soke dokar hanin a 1943, to me ya sa sana'ar ta ci gaba da yaɗuwa? Sokewar ta fatar baki ce, don Sinawa 105 kacal aka yarda su shigo a shekara, sai dokar 1965 ce ta buɗe ƙofa sosai. Bayan haka ma, rukunin da ya cika garuruwan ƙauye da unguwannin bayan gari tun daga shekarun 1980 mutanen Fuzhou ne na lardin Fujian, kuma da yawansu ta ɓarauniyar hanya suka shigo da bashin masu safara a wuya. Jirgin ruwan Golden Venture da ya maƙale a gaɓar New York a 1993 yana ɗauke da baƙin haure 286, goma suka mutu. Wanda ba shi da takarda, ba ya jin Turanci, kuma ana bin sa bashi, kicin ne kaɗai wurin da zai samu aiki da makwanci a rana ɗaya. Birni ya cika da abokan gogayya, sai a nausa inda ba kowa. Ofisoshin samar da aiki da ke kusa da titin East Broadway a Manhattan su ke tura ma'aikata, su miƙa wa mutum 'yar takarda mai ɗauke da albashin wata, da lambar wayar yankin da za shi, da yawan awannin da zai yi a cikin bas kafin ya isa.