Suna da Zamani a Tarihin Ƙasar Japan

Duk mai son rubuta labari ko wasan kwaikwayo a kan Japanawan dā yakan ci karo da matsalar sunan da zai ba mutanensa. Sau da yawa akan ɗauki sunan da ake ji a yau a laƙa wa mutumin ƙarni na 16. Wannan kuskure ne babba, domin a Japan ta dā suna shi ke bayyana zamanin mutum da matsayinsa da shekarunsa.

Abu na farko shi ne, namiji daga gidan mayaƙa, wato samurai, ba ya rayuwa da suna ɗaya. Alal misali, Tokugawa Iyeyasu, wanda ya kafa mulkin gidansu a 1603, an haife shi a 1543 aka sa masa Takeciyo. Da aka yi masa bikin shiga sahun manya sai ya zama Matsudaira Motonobu, daga baya Motoyasu. Wannan "moto" kyauta ce daga sunan ubangidansa, Imagawa Yoshimoto. Bayan ya raba gari da gidan Imagawa ya yar da ita, ya koma Iyeyasu a 1563, sunan Tokugawa kuwa sai bayan 'yan shekaru ya ɗauke shi. Saboda haka marubucin da ya sa aka kira shi Tokugawa Iyeyasu yana yaro ya yi riga malam masallaci.

Abu na biyu, sunan ainihi, wanda suke ce wa imina, iyaye da ubangida ne ke da ikon kiran mutum da shi. Sauran jama'a sukan kira shi da muƙaminsa, ko da laƙabin da ke nuna jerin haihuwa: Taro ɗan fari, Jiro na biyu, Saburo na uku. Jarumin nan Minamoto no Yoshitsune, Kuro ake ce masa, wato ɗa na tara. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da uwa takan yi alkunyar sunan ɗanta na fari, basarake kuma Galadima ko Madaki ake kiransa. Ita kuwa kalmar "no", bayan sunan zuriya take zuwa, kamar Minamoto da Taira da Fujiwara. Ba a sa ta bayan sunan gida irin Tokugawa ko Oda.

Sha'anin mata ya fi wannan wuya. A zamanin Heiyan, daga 794 zuwa 1185, ba kasafai ake rubuta sunan mace ba. Murasaki Shikibu, wadda ta rubuta labarin Genji a farkon ƙarni na 11, laƙabi ne ta shahara da shi, "Shikibu" kuma daga ma'aikatar da mahaifinta ya yi aiki aka samo shi. Sunaye masu ƙarewa da "ko" na matan fada ne, sai a ƙarni na 20 suka bazu cikin talakawa. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, 'yar manomi Kiku ce ko Matsu ko Haru, a wajen kira a ƙara "O" a gaba, a ce Okiku.

Haka nan kuma a zamanin Edo ba a yarda talaka ya yi amfani da sunan gida a gaban hukuma ba, sai wanda aka yi wa alfarma. Manomi yakan amsa suna mai ƙarewa da "bei" ko "emon", ɗan kasuwa kuma a san shi da sunan kantinsa. Gwamnatin Meiji ce ta rushe wannan tsari: a 1870 ta halatta wa talakawa sunan gida, a 1872 ta hana mutum riƙe suna fiye da ɗaya, a 1875 ta wajabta sunan gida a kan kowa, a 1898 kuma doka ta sa matar aure ta ɗauki sunan gidan da ta shiga.

A taƙaice, kafin a zaɓi suna sai a amsa tambayoyi huɗu: a wace shekara ake, mutumin ɗan wane aji ne, namiji ne ko mace, kuma wa ke kiransa. In bara ya kira ubangidansa da sunan ainihi, ko 'yar ƙauye ta 1700 ta fito da sunan matan fada, to marubuci ya shafe bambancin matsayi wanda a kansa aka gina rayuwar wancan zamani.