Ƙuri'ar 1961 da Rikicin Kudancin Kamaru

Masu fatauci a cikinmu da ke bin hanyar Ikom zuwa Bamenda sun san yadda yaƙin 'yan a-ware ya durƙusar da kasuwa, ga kuma dubban 'yan gudun hijira a Kuros Riba, Binuwai da Taraba. Tushen rikicin ya kai shekara sittin.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba Kamarun da Jamus ta mallaka. Ingila ta riƙa mulkin rabonta tare da Najeriya. A watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya wa yankin ƙuri'ar raba gardama da zaɓi biyu kacal: ko Najeriya, ko Jamhuriyar Kamaru. Ba a sa zaɓin zama ƙasa mai cin gashin kai ba. Arewacin yankin, su Mubi, Ganye da Gembu, ya zaɓi Najeriya ya zama Lardin Sardauna. Kudancin ya bi Kamaru bisa tsarin tarayya, da gwamnatinsa a Buea.

A 1972 Shugaba Ahmadu Ahijo ya rushe tarayyar. Mutanen yankin, masu amfani da Ingilishi a kotu da makaranta, suka ɗauka an ci amanarsu. Zanga-zangar lauyoyi da malamai ta 2016 ta rikiɗe ta zama yaƙi, kuma ranar 1 ga Oktoban 2017 'yan a-ware suka shelanta ƙasar Ambazoniya. Har yau babu ƙasar da ta amince da ita.

Me doka ta ce? A taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka sun amince a riƙe iyakokin da aka gada lokacin samun 'yanci. A 2009 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yarda mutanen yankin al'umma ce mai haƙƙoƙinta, amma ta ƙi ba su damar ɓallewa, ta ce a zauna a tattauna. Eritiriya da Sudan ta Kudu ma sun sami karɓuwa ne bayan ƙasashen da suka bari sun amince.

Ke nan doka ta tsare iyaka, amma adalci cikin gida yana wuyan gwamnati. Da an riƙe alƙawarin tarayya, da wuya a kai ga bindiga. Mu da ke zaune cikin ƙabilu daban-daban mun san zaman tare ba ya ɗorewa sai da cika alƙawari. Allah Ya ba maƙwabtanmu zaman lafiya.