Farkon Ƙwallon Ƙwararru a Bauchi

Ƙwallon ƙwararru, wanda ɗan wasa ke ci da sha da shi, ya fara a hukumance a Najeriya a 1990, lokacin da aka ƙaddamar da gasar lig ta ƙwararru a Legas. Akwai gasar ƙasa tun 1972, wadda Mighty Jets ta Jos ta fara ɗauka, Raccah Rovers ta Kano ma ta ɗauka a 1978, sai dai a wancan zamani 'yan wasa da dama suna cikin takardar albashin wani kamfani ne ko wata hukuma, aikinsu kuwa buga tamaula.

Bauchi ta shigo sahu a 1991 da kafa Wikki Tourists, mai ɗauke da sunan maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta dajin Yankari. A 1998 ƙungiyar ta doke Plateau United a bugun fenariti ta ɗauki Kofin Ƙalubale, shekara guda bayan haka filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya. Amma ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, ita ce uwa ita ce uba. Daga sama sana'ar ta sauko, ba daga aljihun 'yan kallo ta tsiro ba. A Amurka, ƙwallon da ake rungumewa a ruga da ita ta bi wata hanya dabam: a 1892 aka biya ɗan wasa William Heffelfinger dala 500 don wasa ɗaya, a 1920 masu ƙungiyoyi suka haɗu a Canton ta jihar Ohio suka kafa gasar da ta zama NFL a 1922. A can, ƙungiyar da kuɗin ƙofa bai riƙe ta ba sai ta mutu, kuma da yawa sun mutu.

Za a ce in ba gwamnati ba, wane attajiri ko kamfani zai ɗauki albashin 'yan wasa da kuɗin motar zuwa Fatakwal? Gaskiya ne, kuma kofin 1998 shaida ne cewa tallafin ya yi rana. To amma ƙungiyar da ba ta dogara da tikiti ba, babu abin da ke tilasta mata neman ɗan kallo. Ƙarfinta na bin kasafin kuɗi da sha'awar mai mulki. Shi ya sa matashin unguwar Gwallaga da ke ciro kuɗi ba ciniki a gidan kallo don wasan Arsenal bai saba jin cewa kuɗinsa ne ke biyan mai tsaron ragar Wikki ba.