Tsohuwar jita: can tana cikin gilashi, nan tana hannun makaɗi

 Yau hirarmu a kan tsohuwar jitar lantarki take, irin ta gwanjo, wadda wani ya kaɗa ya gaji ya sayar.

A Amurka aka fara ƙera ta da yawa. Kamfanin Gibson ya fito da Les Paul a 1952, Fender kuma ya fito da Stratocaster a 1954. A lokacin kayan aikin makaɗa ne kawai. Yau waɗanda aka ƙera a waɗancan shekaru sun zama dukiya. Masu kuɗi na farautarsu, a duba lambar jikinsu, a duba katako da fenti, a saya a kulle cikin gilashi. In an taɓa canja wani abu a jikinta, farashi ya faɗi.

Amma ku ji wannan. A 2019, a birnin New York, an sayar da baƙar Stratocaster ta David Gilmour a kan kusan dalar Amurka miliyan 4, alhali an sha canja mata wuya da kayan ciki. Kun ga ashe hannun da ya kaɗa ta ne ya ba ta daraja.

To, mu dawo gida Nijar. Nan babu masana'antar jita, sai dai ta hannu, wadda ta biyo matafiya da 'yan ci-rani daga Libiya da Aljeriya. Da irinta Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal suka yi waƙoƙin da suka zaga arewacin ƙasa a kaset, lokacin tawayen da ya kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995.

Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa, ko ta gwanjon ma bai samu ba tun farko. Katako ya nemo, ya ɗaura masa wayar birkin keke, da ita ya koya. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta katin memori. Yau yana wasa a manyan biranen Turai da Amurka. Shi ma Bombino na Agadas, faifansa Deran na 2018 ya kai shi sahun 'yan takarar kyautar Grammy, ɗan Nijar na farko da ya kai nan.

Sai mu tambayi kanmu: ina kayan kiɗan iyayenmu? A wannan yanki namu, tun kafin jita ta zo, muna da gurmi, garaya, goge da molo. Gida nawa ne ake da garayar kaka jingine a bayan rumbu, gara na cin ta, fata ta tsage, babu wanda ya san sunan wanda ya ƙera ta? Ƙasa ta karrama Ɗan Gurmu da gasar kiɗa mai sunansa, a Yamai kuma akwai cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya. Amma abin da ke ɗakunanmu, ai mu kaɗai za mu iya tsare shi.

Don haka ga roƙonmu. Duk mai tsohuwar jita, ko gurmi, ko goge a gida, ya ɗauke shi daga ƙasa, ya rataye inda damshi da gara ba sa kaiwa. Ya je wajen dattijon da ya sani tun yana raye, ya tambaya: wa ya ƙera, wa ya kaɗa, a bikin wa? A rubuta, a ɗauki hoto. In dillali ya zo yana tayi, kar a yi gaggawa, a shawarci dangi tukuna.

Wanda yake da irin wannan kaya, ya turo mana hotonsa da labarinsa mu ji. Allah Ya jiƙan magabatanmu.