Daga Zauren Fatoma zuwa Dosiyen Jami'a

Bara da damina ɗiyar ƙanena ta same ni a ƙofar gida a Matamaye, ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo wata takarda cikin leda. Ta ce, "Baba, ka duba mini kafin in kai." Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, tana neman gurbi a sashen koyon tafiyar da otel da yawon buɗe ido na IUT, wato cibiyar koyar da fasaha ta jami'ar Tawa, tana kuma gwada sa'arta wajen buris ɗin Maroko. Duka biyun sai an tantance, ajiye dosiye kawai ba ya shigar da mutum. Na sa tabarau na karanta wasiƙar da ta rubuta. Wai tun tana ƙarama take son tafiye-tafiye da sanin al'adun duniya. Yarinyar da iyakar tafiyarta Damagaram! Na ce, "Ɗiyata, ina kika samo wannan?" Ta sunkuyar da kai ta ce a waya. Na ce ta jawo tabarma, akwai abin da gidanmu ya sani game da wannan sana'a wanda waya ba ta sani ba.

Kakana fatoma ne. Yaran yanzu da yawa ba su san kalmar ba. Fatoma shi ne mai saukar fatake: ya ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya adana kayansu, ya nemo musu dillali, in an yi ciniki a bashi shi ne mai tsayawa. Ba ya karɓar kuɗin kwana, abincinsa yana cikin la'ada. Matamaye kuwa a bakin hanya take, wadda ta taso daga Damagaram ta bi Ɗan Barto ta shiga Daura har Kano, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗar ƙasarmu ta kama wannan hanya. Ina yaro na tarar da ƙarshen zamanin. Baƙo zai yi sallama da almuru, ƙura har gira. Kakana ba ya tambayar sunansa sai an kawo ruwa a ƙwarya ya sha, an sauke wa jakinsa kaya, an ba shi buta. Sai bayan tuwo ake zancen daga ina, zuwa ina. Kuɗin baƙo kuwa a ƙulle yake karɓarsu, a ƙulle yake mayarwa, ko an shekara. Bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba, amma ya san buhun kowa da bashin kowa.

Ba mu kaɗai ba ne. Unguwar Zango ta Damagaram saukar ayari ce ta kafa ta, haka zangunan Hausawa a Kumasi da Sabo ta Ibadan, inda ake ce wa mai wannan aiki mai gida. Har wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ya rubuta littafi a kansu, ya fito a 1969. Su sun ga ilimi a abin, mu muna ganin tsohon yayi.

Otel irin na Turawa ya shigo ta wata ƙofa dabam, kuma a nan sunan sana'ar ya ɓaci. Masaukan farko na zamanin mulkin mallaka don jami'an Faransa da ƴan kasuwarsu aka yi su, da giya a kan tebur. Shi ya sa har gobe in ka ce "otel" a ƙauyukanmu na Kance, abin da ke faɗo wa dattijo a rai gidan giya ne da matan banza. Ranar da na gaya wa mahaifina na sami aiki a wani otel a Yamai, kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Ɗan fatoma ne fa.

Shekarar 1982 ke nan. Kuɗin yuraniyom sun buɗe Yamai, an gina Gaweye a bakin kogi kusa da gadar Kennedy, ga Grand Hôtel, ga Terminus, baƙi na shigowa kamar fari. Babu wanda ya tambaye ni diflom. Aka nuna mini tulin kwanoni, na wanke su wata takwas. Daga nan ɗaukar faranti, daga nan gyaran ɗaki, daga nan teburin karɓar baƙi. Malaminmu wani tsohon kuku ne da ya yi wa Faransawa aiki tun kafin ƴancin kai; in ka ajiye cokali a hagu maimakon dama, da shi zai ƙwanƙwashe ka. Haka dukanmu muka koya, da ido da bugun cokali. A arewa kuma Agadas na cin kasuwar masu yawon hamada, tseren motocin Paris-Dakar na ratsawa, kamfanin Mano Dayak na kai Turawa Tenere.

Sannan abin ya karye. Tawayen arewa na 1990 ya kori baƙi, karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da muke sayowa daga waje, daga man shanu har zanen gado. Wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci na Disambar 2005 sun ɗan farfaɗo da mu, tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka sake kwantar da mu. Wannan sana'a kamar noman fadama take, ranar da ruwa ya janye kowa ya sani.

A cikin waɗannan shekaru ne takarda ta fara yi mana sarauta. Na shekara goma sha biyar a wani gida, da kujerar mataimakin darakta ta faɗi aka kawo wani saurayi da ya yi karatun otel a Tanja ta Maroko. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma wata uku da zuwansa ya zaunar da ni ya nuna mini nawa kowane farantin shinkafa ke ci mana, nawa ke zubewa a shara, da dalilin da ya sa ɗakin da ya kwana babu kowa asara ce da ba a maidawa, tunda ba a ajiye daren jiya a sayar gobe. Ni kuma na koya masa yadda ake kwantar da Alhajin da aka ba ɗakinsa ga wani. Daga ranar na daina raina makaranta.

Makarantun koyon aikin otel suna da tarihinsu. Ta Lozan a ƙasar Suwis, wadda ake ɗauka uwa, an buɗe ta a 1893 cikin wani otel a bakin tafki. Jami'ar Cornell ta Amurka ta fara nata a 1922, ta Tanja a 1972, Utalii ta Nairobi a 1975 da taimakon mutanen Suwis. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da NIHOTOUR, da reshenta a Bagauda ta jihar Kano. Mu sai da aka buɗe IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, waɗanda suka zama jami'o'i a 2010, sannan ɗan talaka ya sami inda zai karanci abin a gida. Abin da ke burge ni da Lozan, duk tsadarta, ɗalibi na fara shekararsa ta farko ne a kicin da gyaran ɗakuna, ko ɗan wane ne. Wato sun dawo kan tulin kwanonina, sai dai su biya suke yi.

Da taron Tarayyar Afirka ya zo Yamai a Yulin 2019, aka buɗe Radisson Blu da Noom da Bravia kusan lokaci guda. An kira ni na taya tantance ma'aikata a wani wuri, na ga abin da ya dame ni. Yaranmu na da fara'a, amma Ingilishi ya kayar da mafi yawansu, lissafi a kwamfuta ya kayar da saura. Masu diflom kuma wasu na jin sun fi ƙarfin ɗaukar tire. Wanda muka fi so shi ne mai takarda da ya taɓa yin sitaj na gaske, ko a ƙaramin masauki ne, wanda in ka tambaye shi abin da zai yi in wuta ta ɗauke ana tsakiyar walima ba zai karanto maka darasi ba.

Duk wannan na zayyana wa yarinyar, sannan na ce ta yaga wasiƙar. Na tambaye ta wa ya riƙe girkin bikin yayarta, na mutum sama da ɗari biyu. Ta ce ita. Wa ya ƙiyasta tiya nawa ta shinkafa za a sayo? Ita. Wa ke rubuta cinikin mahaifiyarta na ƙosai da kunu tun tana aji uku? Ita. Na ce to rubuta wannan, ki sa kakan ubanki a layin farko. Ta ce, "Baba, ba za su yi mini dariya ba?" Na ce masu karanta dosiye sun gaji da masu son tafiye-tafiye.

Wuyar ba a wajenta take ba, a wajen ubanta take. Sai da na je har gida bayan isha'i, muka yi ta ja. Ya ce mutane za su ce ɗiyarsa na aikin otel. Na ce asibiti ma na buƙatar mai tafiyar da abinci da ɗakuna, haka masaukan alhazai, haka kantin jami'a, kuma a zauren da muke zaune kakanmu ya saukar da baƙi shekara arba'in ba wanda ya zage shi. Ya yi shiru, ya ce sai ya yi shawara. Da safe shi ya kai ta tasha.

Ku masu niyya bana, kada ku jira sakamakon bak ya fito sannan ku fara neman takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa da buga hatimi a ma'aikatar magajin gari, layin kan yi tsawo. Hutun nan kuma ku nemi masauki ko gidan abinci mafi kusa, a Matamaye ko Damagaram, ku roƙi a bar ku ku yi aiki ko wata ɗaya ne, ku karɓo shaida a rubuce.