Bonet Ɗin Faiba Ko Na Ƙarfe: Abin Da Mai Mota Zai Duba

Idan bonet, wato murfin injin mota, ya lalace, akan sauya shi da na ƙarfe ko na faiba, wanda ake yi da zaren gilashi da wani ƙaro na musamman.

Na faiba ba shi da nauyi, kuma ba ya tsatsa. Mazauna Maiduguri da Jere, inda ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta shanye motoci a watan Satumban 2024, sun san darajar hakan. Sai dai faiba tsagewa yake yi idan an buge shi, kuma zafin watan Afrilu, da ke haura digiri 40, kan sa maras inganci ya karkace. Idan makullinsa bai kama sosai ba, iska na iya ɗaga shi mota tana gudu.

Ga direban da ke zirga-zirga tsakanin Dusuman da cikin gari, na ƙarfe ya fi dacewa. Ko ya lotsa, fanel bita zai buga shi ya miƙe, alhali mai gyaran faiba sai an nema.

Wajen saye, a kara masa maganaɗisu: yana kama ƙarfe, ba ya kama faiba ko alminiyon.