Masaƙun Lankasha da Darasin da Suka Bar Mana

Jama'a, duk wanda Allah Ya kai shi Ingila, ya daure ya leƙa gundumar Lankasha da ke arewa maso yammacin ƙasar. Can ne cibiyar saƙar auduga ta duniya a ƙarni na 19, kuma tarihinta ya taɓa namu.

A ƙauyen Stanhill ne wani masaƙi, James Hargreaves, ya ƙera injin kaɗi wajen shekarar 1764, wanda mutum ɗaya zai kaɗa zare takwas da shi a lokaci guda. Daga nan aiki ya fara barin ɗakunan mutane yana komawa manyan masaƙu.

Wurare biyu sun fi cancanta a ziyarta. Na farko Queen Street Mill a gefen garin Burnley, wadda aka gina a 1894, ta yi ta saƙa akoko har 1982. Injinta mai aiki da tururi da ɗaruruwan injinan saƙa suna nan a inda aka girka su. Na biyu masaƙun Helmshore, inda tsohuwar cikinsu ta samo asali tun 1789, lokacin da ruwan rafi ke juya injina.

Ina alaƙarmu da su? Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke musu auduga, dubban ma'aikata suka shiga yunwa. Tsoron maimaituwar haka na cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchesta a 1902, ta sa ido kan ƙasar Hausa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sun zaci auduga za ta kwararo musu. Sai manoman Kano suka rungumi gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi, audugar kuma masaƙanmu na gida suna saye da daraja.

Daga baya wani kamfanin Lankasha, David Whitehead, ya haɗa hannu da gwamnatin Sardauna aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957.

Yau masaƙun Lankasha sun mutu, yawancin na Kakuri ma sun mutu. Bambancin shi ne su sun adana nasu, 'yan makaranta na zuwa suna ganin inda kakanninsu suka yi gumi. Mu fa, me za mu nuna wa jikokinmu? Tsofaffin ma'aikatan masaƙunmu suna raye a cikinmu. Mu zauna da su, mu rubuta abin da suka gani tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.